Gero a gurbin dara: me ke cikin 18,446,744,073,709,551,615?

Wata ranar Laraba bayan la'asar na je gindin dalbejiyar ƙofar masallacinmu inda dattawa suke dara, nan ƙauyenmu ta ƙasar Gumel, lokacin kaka ne an gama yankan gero ana ta sussuka, har a aljihuna akwai ɗan geron da na dumbuzo a masussuka. Da aka tashi wasa kafin a sake sabon zubi sai na ce wa baffana, Baffa ga tambaya, gurbin darar nan talatin ne, biyar sau shida, to in na sa ƙwayar gero ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, ina ta ninkawa har na kai gurbin ƙarshe, gero nawa zai shiga? Ya ɗan dubi ƙasa ya ce ɗan nan ai bai wuce tiya ba, in ya yi yawa tiya biyu.

Amsar ita ce ƙwaya 1,073,741,823. In muka ƙaddara ƙwaya ɗari na yin giram ɗaya, don sauƙin lissafi kawai tunda geron wata gona ya fi na wata ƙwari, to buhu mai kilo 100 zai ɗauki ƙwaya miliyan 10, kenan geron darar Baffa buhu 107 ne da ɗoriya. Wurin sai da ya yi tsit, can wani ya ce a sake lissafin tukunna, muka zana a ƙasa da tsinke muka bi gurbi gurbi. Har gurbi na 23 duk abun da aka zuba bai cika buhu ɗaya ba, daga nan ne fa abun ya ɓalle.

Wannan tambayar tsohuwa ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Asalinta a kan darar Indiyawa ne wadda Larabawa ke kira shaɗranj, mai gida 64, takwas sau takwas. Labarin da ake bayarwa shine wanda ya ƙago wasan sarki ya ce ya roƙi abun da yake so, shi kuma ya roƙi alkama a kan wannan tsarin na ninki, sarki ya raina roƙon sai da ma'ajinsa suka zauna lissafi. Malamin tarihin nan Ibn Khallikan ya kawo labarin a ƙarni na 13, kuma tun kafin shi, wajen shekara ta 1000, al-Biruni ya riga ya fitar da amsar cif-cif: 18,446,744,073,709,551,615. Lamba ce mai alƙaluma ashirin, biliyan 18 da ɗoriya sau biliyan. Da awonmu na ɗazu buhu tiriliyan 1.8 ne da wani abu, in tirela na ɗaukar buhu 300 sai an nemo tirela sama da biliyan 6, kuma geron da duniya gaba ɗaya take nomawa a shekara wajen tan miliyan 30 ne, kenan sai an yi shekara dubu 6 da ɗoriya ana noma ba a ci ko ƙwaya ba kafin a biya mutumin nan. Dawanau da Gujungu da Maigatari duk a haɗa, ko ƙurar abun ba su kai ba.

Toh yawancin masu ba da labarin nan a nan suke tsayawa, a ce kai, malala gashin tunkiya, a tafa hannu a watse. Ni kuma gaskia ba girman ne ya kama ni ba. Abun da ya kama ni shine wannan lambar da ba mahaluƙin da zai iya ƙirga ta, mun san cikinta kamar yunwar cikinmu, mun san wa zai iya raba ta wa ba zai iya ba, mun san iyayenta guda bakwai da sunayensu, wato lambobin da in an ninka su suke haifar da ita, kuma rabin wannan sanin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya fitar da shi da tsinke a ƙasa in an nuna masa hanya.

Mu fara da abu mai sauƙi. Gurbi uku na farko 1 da 2 da 4 sun tashi 7, gurbi na huɗu yana da 8. Huɗun farko sun tashi 15, na biyar yana da 16. Kullum abun da ka tara a baya ya gaza na gurbin gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar gida 64 ita ce 2 sau 2 sau 2 har guda 64, a cire ɗaya. Bari na riƙa kiran wannan biyu hawa 64, kamar bene, don kar na yi ta maimaitawa. Tunda biyu hawa komai shafa'i ne, in an cire ɗaya ya koma wutiri, wato mara. Kenan mutum biyu ba za su raba geron nan daidai ba, sai ƙwaya ɗaya ta yi saura, haka huɗu, haka takwas, duk wani shafa'i ya fita daga layi tun a nan.

Yanzu kalli allon da kansa, a nan daɗin yake. Haɗa gidajen bibbiyu. Na farko da na biyu, 1 da 2, sun ba da 3. Na uku da na huɗu, 4 da 8, sun ba da 12, wato 3 sau 4. Na biyar da na shida, 16 da 32, 48, wato 3 sau 16. Kowane tagwaye 3 na raba su, kuma gida 64 tagwaye 32 ne cif ba wanda ya rasa aboki, to dole 3 ta raba jimillar gaba ɗaya. Ba mu yi dogon rabawa ba, ba mu taɓa kalkuleta ba. Haɗa su hurhuɗu, huɗun farko 15, huɗu na biyu 240 wato 15 sau 16, kuma 64 na rabuwa gida 16 na hurhuɗu, kenan 15 ma ta raba, shi ya sa ka ga lambar ta ƙare da 5. Ɗauki layi guda mai gida takwas, layin farko 255, layi na biyu 65,280 wato 255 sau 256, kowane layi haka, kenan mutum 255 za su raba geron nan kowa ya tashi da nasa ba rigima, kuma da yake 255 ita ce 15 sau 17, to 17 ma ta shigo.

Mutum bakwai fa? Wannan ce na fi so. Bakwai daga gida uku-uku take fitowa, 1 da 2 da 4. Amma 64 ba ta rabuwa uku-uku, sai ɗaya ya yi saura. To ajiye gidan farko mai ƙwaya ɗaya gefe guda, saura gida 63, rukuni 21 na uku-uku. 2 da 4 da 8 sun ba da 14, 16 da 32 da 64 sun ba da 112 wato 7 sau 16, haka har ƙarshe. Kenan in magada bakwai suka zauna rabon wannan dukiyar da ta fi ƙarfin tirela biliyan shida, komai zai rabu daidai wa daida sai ƙwaya ɗaya tak, kuma ita ce ƙwayar nan ta farko da aka fara ajiyewa. Ranar da na nuna wa Baffa wannan da gurbin dara sai da ya ɗauki ƙwayar geron ya ɗora a tafin hannunsa yana kallo, ya ce ikon Allah.

Tara ma ba ta raba ta. In ka tara alƙaluman ashirin ɗin za ka samu 87, kuma 87 na rabuwa da 3 amma ba ta rabuwa da 9, saura 6 take bari.

Akwai wata doka da muke koya wa yara wadda suke haddacewa don jarabawa su watsar, cewa in ka ninka lamba da kanta ka cire ɗaya, daidai yake da ka ɗauki ta ƙasa da ita ka ninka da ta sama da ita. 4 sau 4 a cire 1 shine 15, kuma 3 sau 5 ma 15. Wallahi yana min ciwo yadda muke koyar da wannan, harafi ne kawai a allo, a da b, yaro bai taɓa ganin an buɗe wani abu da shi ba, alhali mabuɗi ne. Duba yadda yake fasa lambarmu kamar goro. Biyu hawa 64 ai biyu hawa 32 ne aka ninka da kansa, kuma biyu hawa 32 shine 4,294,967,296. Kenan lambarmu ita ce 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Ɓari biyu kenan. Ɗauki ɓarin farko, shi ma ɗaya aka cire, sake fasawa, 65,535 sau 65,537. Sake fasa 65,535, ka samu 255 sau 257. 255 ta ba da 15 sau 17. 15 ta ba da 3 sau 5. Shikenan, a layi biyar mun fito da 3, 5, 17, 257, 65,537, da wancan ƙaton ɓarin 4,294,967,297 da muka ajiye.

Biyar ɗin farko duk irin lambobin nan ne da ba abun da ke raba su sai ɗaya da su kansu, waɗanda a aji muke cewa firam, ni kuma nakan ce wa yara gagara-rabo don ya zauna musu. Kuma ba haka kawai suka taru ba, dangi ɗaya ne. 3 ita ce 2 da ɗaya, 5 ita ce biyu hawa 2 da ɗaya, 17 biyu hawa 4 da ɗaya, 257 biyu hawa 8 da ɗaya, 65,537 biyu hawa 16 da ɗaya. Wani lauya ɗan Faransa mai suna Fermat, wanda ya yi aikin shari'a a birnin Tulus yana lissafi a lokacin hutunsa, ya ga biyar ɗin nan a jere duk gagara-rabo, sai a 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk 'yan gidan haka suke har abada, har da na shida, wato ƙaton ɓarinmu. Ya faɗa da bakinsa cewa bai samu hujjar da ta kammala ba, amma ya yarda. Kuma wa zai ga laifinsa, biyar a jere fa.

Shekara 92 maganar tana nan, sai a 1732 Euler, ɗan Suwizalan da ke aiki a Rasha, ana furta sunan Oila, ya nuna cewa 4,294,967,297 tana rabuwa: 641 sau 6,700,417. Kuma ba wai ya zauna yana gwada 3, 7, 11, 13 ɗaya bayan ɗaya ba ne har Allah ya kai shi 641. Ya gano cewa duk gagara-rabon da zai raba wannan lambar dole ya zama in ka cire masa ɗaya 64 ta raba shi. To irin waɗannan ba su da yawa, 193, 257, 449, 577, sai 641, wato 64 sau 10 da ɗaya. Ƙofa ta biyar da aka ƙwanƙwasa ta buɗe. Wannan shine bambancin mai haƙa rijiya ko'ina da wanda ya san inda jijiyar ruwa take. Abun mamaki kuma, daga ranar zuwa yau, da duk kwamfutocin duniya, ba a sake samun ko gagara-rabo ɗaya a gidan Fermat ba bayan 65,537, duk wanda aka iya bincikawa sai a tarar yana rabuwa.

Shekarar 1732 ɗinnan ina son a riƙe ta saboda wani dalili. A shekarar ce wani malami ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta aikinsa da Larabci a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, irin wanda ko ta ina ka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ka samu, kamar ƙaramin nan mai gida tara da ke ba da 15. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ina kawo shi ne don masu ce mana wai wasa da lamba don sanin halinta abun Turawa ne, mu namu lissafin na kasuwa ne da rabon gado. A'a, mu ma an yi a gidanmu, sakaci ne ya sa yaranmu ba su san sunansa ba.

Toh yanzu ga iyayen lambarmu cikakku, su bakwai: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Ninka su gaba ɗaya, ka samu alƙaluman nan ashirin ba ragi ba ƙari. Daga wannan layin kaɗai masana suke yanke mata hukunci kala-kala. Kowane uba sau ɗaya ya fito, ba wanda ya maimaita kansa, saboda haka ba wata lamba da aka ninka da kanta, kamar 9 ko 25 ko 49, da za ta raba ta. Lambobi nawa ne ke raba ta gaba ɗaya? Ka ɗauka mutum bakwai ne a bakin tasha, kowa ko ya shiga mota ko ya tsaya, zaɓi biyu-biyu har sau bakwai, 128 kenan. Duk wanda ya shiga a ninka su, in ba wanda ya shiga amsar 1 ce, in duk suka shiga lambar ce da kanta, in 3 da 17 ne kawai 51, in 5 da 17 ne 85. Duk girman nan nata masu raba ta 128 ne kacal, alhali 720,720 da ba ta kai ko miliyan ɗaya ba tana da 240, kuma tun daga 1 har 16 ba wadda ba ta raba ta. Girma daban, sauƙin rabo daban, duk wanda ya taɓa zama rabon gona tsakanin magada ya san wannan.

Sai wani rabe-raben da ya zo tun daga Girkawa, malaman Larabawa suka riƙe shi da sunayen tammu, za'idi da naƙisi. Ka tara duk masu raba lamba banda ita kanta. In sun dawo da ita daidai, tammu ce, cikakkiya, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1, 2, 4, 7, 14. In sun zarce ta, za'idi ce, kamar 12 da nata suka tashi 16. In sun gaza, naƙisi. Tamu in ka tara guda 127 ɗin nan wajen kashi 70 cikin ɗari nata ne kawai, kenan naƙisi ce. Kuma cikakkun ma daga allon nan suke fitowa, duk gurbin da jimillar gero ta zama gagara-rabo, ninka jimillar da geron gurbin ƙarshe. Gurbi biyu, 3 sau 2, 6. Gurbi uku, 7 sau 4, 28. Gurbi biyar, 31 sau 16, 496. Gurbi bakwai, 127 sau 64, 8,128. Iƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ya rubuta wannan sama da shekara 2,000 da suka wuce.

Lambobin da suke biyu hawa kaza a cire ɗaya ana kiransu da sunan Mersenne, wani limamin coci ɗan Faransa na zamanin Fermat. Daga wasan haɗa gidajen da muka yi ɗazu ka riga ka gane dokarsu da kanka, in yawan gurbin yana rabuwa, geron ma zai rabu. Darar Baffa mai 30 tana rabuwa ta ko'ina, 9 ta raba, 7 ta raba, 11, 31, 151, 331 duk sun raba. Amma haƙa gurbi ɗaya kacal a gefe ya zama 31, jimillar ta koma 2,147,483,647, kuma wannan gagara-rabo ce, Euler ɗin dai ya tabbatar a 1772. Sai dai fa ba kullum ba, gurbi 11 gagara-rabo ne amma geronsa 2,047 shine 23 sau 89. A wannan gidan ne ake farautar manyan gagara-rabo na duniya, wadda aka gano a Oktoban 2024 ita ce biyu hawa 136,279,841 a cire ɗaya, alƙalumanta sun haura miliyan 41.

Wani zai ce to malam duk wannan me zai ƙara min a tukunya. Wayar da kake karanta wannan da ita da ɗaya da sifili take ƙirga, kunne ko kashe, kuma in ka ji an ce waya ko kwamfuta mai bit 64 ce, gida 64 ake nufi, kowane gida darajarsa ninkin na bayansa, allon nan dai sak. In duk gidajen suka kunnu, ɗaya guda 64 a jere, lamba mafi girma da za su iya riƙewa ita ce tamu ɗinnan, ƙara ɗaya a kai sai komai ya koma sifili kamar mitar babur da ta cika. Ɓarin da muka fasa ɗazu, biyu hawa 32, shine yawan adireshin da tsohon tsarin intanet yake da shi, biliyan 4 da ɗoriya, da suka yi kaɗan dole aka ƙirƙiro sabo. 65,537 kuwa ita aka fi sawa a makullin sirrin nan na RSA da shafukan banki da yawa ke amfani da shi, saboda gagara-rabo ce kuma a rubutun kwamfuta ɗaya biyu ne kawai a cikinta da sifili 15 a tsakani, lissafi da ita ba ya cin lokaci. Lambar da lauyan Tulus ya yi wasa da ita don sha'awa, yau tana gadin kuɗin mai tura wa ɗansa na makaranta ta waya.

Satin da ya biyo baya na kai abun aji. Na fitar da yara waje, muka haƙa gurbi takwas sau takwas a ƙasa bayan ajin, muka sa tsakuwa a layin farko kawai, sauran muka rubuta. Na bar su suka gano 3 da 15 da 255 da kansu, sannan na ba su 641 sau 6,700,417 su ninka a littafi, wajen rabin ajin suka samu 4,294,967,297 daidai, wasu suka ɓata a wajen ɗauko abun da ke hannu muka sake tare. Ana dab da tashi sai wata yarinya da ke zama can baya wadda ban cika jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta ce Malam, in aka cike gurbi ɗaya da ƙasa ya zama saura 63, ai mutum bakwai za su raba ba saura ko? Na ce ƙwarai, me ya sa? Ta ce uku-uku za su tafi ba wanda zai rage. Ta ɗan yi shiru tana kallon gurbin, sai ta ce amma kuma yanzu mutum uku ne ba za su iya ba, don in aka haɗa bibbiyu gida ɗaya zai rasa aboki. Na miƙa mata allin na ce zo ki rubuta musu.